Gurbin Suna a Babi na Huɗu

Ƙas. Shiru. Ƙas, ƙas. Shiru kuma, sai tsaki.

Wannan ƙarar ce ta jefa ni cikin sana'ar da na shafe shekara ashirin da ɗoriya ina yi. Da hantsi ne, ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, maigidana yana ɗaki da wata tafireta da ya aro, yana fama da aikinsa na kammala digiri. Da yatsa ɗaya yake bugawa, kamar kaza na tsattsagar tsaba a faranti. In ya yi layi biyu sai in ji ya fizge takarda ya dunƙule. Da na ji ta bakwai, sai na aje faifai na leƙa.

"Malam, in gwada?"

"Ke? Wannan fa ba keken ɗinki ba ne."

"An koya mana a aji huɗu."

Ya tashi yana dariya ya ba ni kujera. Na ɗora yatsuna takwas inda malamarmu ta sakandare ta ce a riƙa ɗora su, na yi bismillah. Kafin a kira azahar na gama shafi biyar. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa, ya ce, "Ashe da akawu nake zaune cikin gida ina wahalar banza." Washegari ya je makarantar da yake koyarwa ya baza labari. Wata bai ƙare ba malamai uku suka aiko da nasu.

Ku yaran yanzu, musamman ku 'yan matan da ke zuwa wurina koyon kwamfuta, na san abin da kuke faɗa in kun fita. Kuna cewa mene ne abin wuya a buga kundi, ai ko waya ka yi wa magana za ta rubuta. To, ku zauna in ba ku labari. Buga haruffa shi ne mafi sauƙi a aikin nan. Wata biyu ya isa yatsu su san hanya. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin inda aikinki ya tsaya, inda na mai rubutu ya fara.

Wadda ta koya mini wannan ita ce Mama Saratu. Mutuniyar Gangara ce, iyayenta Maguzawa ne da suka shiga addinin Kirista, ta yi shekaru tana buga takardun gwamnati har ta yi ritaya. Maigidana ne ya roƙe ta ta riƙa leƙo ni. Duk Talata take zuwa da lema da jakar saƙa, ta zauna kan tabarma ta miƙe ƙafa, ni ina kan inji. In aka kira salla ita ke cewa, "Tashi, amarya, takarda ba ta gudu." Ina da 'ya'ya uku a lokacin, amma har ta koma ga Mahaliccinta amarya take ce mini.

Aikin farko da ta duba na wani malamin firamare ne. Akwai wata jimla da ya yi mai tsawo, ta karkace, sai na miƙe masa ita, na ji daɗin kaina. Mama Saratu ta ɗora rubutun hannunsa gefen nawa, ta bi da yatsa har ta iso wurin.

"Wa ya ce wannan?"

"Mama, gyara mashi na yi. Tashi ba ta da daɗi."

"To ranar da za a tsaida shi gaban manyan malamai a ce mi kake nufi a nan, ke za ki je ki amsa?"

Ta sa na sake shafin. A zamanin tafireta sake shafi ba wasa ba ne, takarda uku ce da kabon biyu a tsakani, kuskure ɗaya ya ratsa duka ukun. Ranar ta kafa mini doka uku. Ki karanta aiki daga farko har ƙarshe kafin ki taɓa inji. Kada ki ƙara, kada ki rage. In kin ga abin da hankalinki bai kwanta da shi ba, ki yi ɗigo da fensir a gefen layin, in mai shi ya zo ki tambaye shi. Ɗigon fensir ɗin nan shi ne jarina. Akwai masu buga takarda a bakin tasha da suka fi ni sauri, amma mutane kan wuce su su zo lungunmu saboda ɗigon.

Kayan aiki sun canza a hannuna. Na fara da tafireta mai ƙararrawa, da zaren tawada da ake naɗewa, da farin ruwan shafe kuskure mai warin da ke hawa kai. Daga baya muka samu tsohuwar kwamfuta mai ƙaton ƙeya, wadda in an ɗauke wuta take tafiya da duk abin da ban adana ba. Ita ta koya mini adanawa bayan kowane sakin layi, har yau hannuna na yin haka ba tare da na sani ba. Yanzu ƙaramar kwamfuta ce, da firinta, da faranti biyu na sola a kan rufin kicin. Ɗakin da ke kusa da zaure shi ne ofis. Mata su shigo har ciki, maza su tsaya a zaure mu yi magana ta bayan labule. Ban taɓa fita neman aiki ba, kuma ban taɓa barin tuwo ya ƙone saboda babi ba. Sau ɗaya dai miya ta kama.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Malaman makaranta ne suka fi yawa, masu zuwa jami'a a Katsina ƙarshen mako suna neman digiri na biyu. Akwai ma'aikatan jinya, akwai ma'aikatan boda. Akwai wani malamin lakwal, wato makarantar bokon Nijar, daga Maraɗi da ya taɓa kawo mini nasa da Faransanci. Ban san ko kalma ɗaya ba. Harafi-harafi na bi shi, da duk 'yan hulunan da suke ɗora wa wasulansu, wannan ta kalli gabas wannan ta kalli yamma. Sati uku na yi. Da ya zo karɓa ya zauna a zaure yana karantawa har la'asar, sannan ya ce ta bayan labule, "Madam, wace lakwal kika yi?" Na ce ta Mama Saratu.

Ba duka ne na karɓa ba. Wani ya taɓa zuwa da ƙatuwar mota da kundin wani mutum daban, ya ce in buga shi yadda yake, duk inda na ga Daura in sa Jibiya. Na ce ya yi haƙuri, injina ba ya jin irin wannan. Ya ce ai ba wanda zai sani. Na ce ni da na buga na sani, da Wanda ba ya barci. Ya tafi yana cewa mata akwai tsaurin ido.

In kin buga kundi da yawa za ki fara gane marubuta tun daga shafi na uku, kamar yadda ungozoma ke gane ciki. Babi na ɗaya kowa na da baki, alkawari ne kawai. Babi na biyu nan ake ɓuya bayan manya, wane ya ce, wane ya ce, har mai rubutun ya ɓace. Babi na huɗu kuwa ba wurin ɓuya, nan ake ganin ko mutum ya taka ƙasa ya je ya tambaya, ko a ɗaki ya zauna ya ƙaga. Na ga masu ilimi da alƙalaminsu ya bushe ƙamas, ka karanta shafi ɗaya ka nemi ruwa. Na ga masu zaƙin alƙalami da malaminsu ke bi da jan biro yana rubuta "Ina hujja?" a kowane gefe. Na ga ƙato da gemu ya zauna a zaurenmu ya yi tagumi don an dawo masa da babi karo na biyar. Wanda bai ga haka ba shi ke cewa karatun manya hutu ne.

Aikin da na fi alfahari da shi, kuma a cikinsa na yi kuskurena mafi girma, na Malama Rakiya ne. Malamar Hausa ce a sakandaren 'yan mata, mai 'ya'ya huɗu, tana digiri na biyu a kan al'adun fatake na hanyar Jibiya zuwa Maraɗi kafin zuwan manyan motoci: yadda ake haɗa ayari, wa ke gaba, wa ke baya, abin da ake yi in jaki ya faɗi, abin da ba a faɗa a bakin gulbi. Tana cikin masu zaƙin alƙalami. Tun tana budurwa take rubuta gajerun labarai a littafin makaranta, kuma hannun nan bai bar ta ba. Za ta fara bayanin zango sai ka ji ƙamshin hayaƙi. Malamin da ke duba aikinta, wanda muke ce wa Dakta, ya sha rubuta mata, "Wannan ba ƙagaggen labari ba ne." Ta zo ta zube a tabarmata ta ce, "Yaya Binta, mutumen nan so yake in rubuta kamar takardar asibiti." Na ce, "A'a, so yake duk inda kika zuba zuma ki nuna amyar da kika ɗebo." Sau shida muka buga babi na huɗu. A na shidan ta iya abin: ta faɗi magana da daɗinta, ta kawo wanda ya faɗa mata a ƙasa.

Mafi yawan abin da ke cikin babin nan daga bakin mutum ɗaya ya fito, surukinta, mahaifin mijinta. Tsoho ne a Mazanya da ya haura tamanin, ya yi fatauci tun yana saurayi har ya zama madugu. Mutanen gari Madugu suke ce masa, jikoki su ce Baba Tsoho. Shi ya tsaya ta ci gaba da karatu bayan aure, ranar da ta samu gurbin digiri na biyu har rago ya yanka. Ta je ta zauna gabansa kwana uku da waya tana naɗar maganarsa. Ta kawo mini ɗan katin wayar ta ce in mayar da maganar rubutu.

"Ki fara daga inda zakara ya yi cara," in ji ta. "Abin da ke kafin nan duk gaishe-gaishe ne."

Na tura har na ji zakara, na fara daga nan. Wannan aikin ya fi kowane cin rai. Ki sa abin ji a kunne, ki saurari rabin jimla, ki tsayar, ki buga, ki koma baya. Tsoho ba haƙora, ga awaki na kuka, ga Hausarsa ta mutanen da, rabi tamu rabi ta hayin boda. Na yi wata guda da muryarsa a kunnena, har na san inda zai yi tari.

A duk kundin, inda za ta ambace shi sai ta rubuta "Baba ya ce". A ƙarshe kuma, a jerin mutanen da aka yi hira da su, kowa da sunansa da shekarunsa da garinsa, na farko ta rubuta shekaru, ta rubuta Mazanya, ta bar gurbin suna fari fat. Na gani. Sau shida na gani. Ban yi ɗigo ba. Me zai sa in yi? Ni kaina ban taɓa kama sunan mahaifin maigidana ba, ko wani yaro mai sunan na gani a unguwa sai in ce masa Mai Sunan Baba. Idona ya wuce gurbin nan kamar yadda ƙafa ke wuce dokin ƙofar gidanku, ba ki ma san kin tsallaka ba. Da wata baƙuwa ce daga nesa ta buga, da tun ranar farko ta tambaya.

Sai muguwar shekara ta zo. Kun san ta, ba sai na tona ba. Aka rufe boda, kasuwa ta mutu, mutanen ƙauyuka suka kwararo cikin gari da tabarmi a kai saboda rashin kwanciyar hankali, daga baya aka yanke layin waya gaba ɗaya. Aiki ya tsaya cik. Firinta ta yi wata biyu a lulluɓe da zane. Masu karatu da yawa suka watsar, wasu har yau kundinsu na cikin kwalina, an tsaya a babi na uku. A shekarar aka ɗauko Baba Tsoho daga Mazanya aka kawo shi gidan ɗansa. Bai yi wata uku a gari ba Allah ya karɓi abinsa.

Malama Rakiya kuwa shekararta ta ƙarshe ke nan a jami'a. In ba ta kare kundinta a zangon nan ba, za a cire sunanta, shekara huɗu sun tafi. Ta riga ta miƙa aikin tun kafin a yanke layi, muna jiran amsa. Amsar ta zo tun tuni, mu ne ba mu gani ba. Sai da mijinta ya hau babur ya je can gefen boda inda ake kamo layin Nijar, ya ɗaga waya sama, saƙonni suka zubo. A ciki akwai na Dakta, ya kwana goma sha ɗaya yana jira. Ta zo da shi da rana tsaka, ko mayafi ba ta daidaita ba, ta miƙa mini wayar.

Ya rubuta cewa aiki ya yi kyau, saura abu ɗaya. Ya ce shi Bahaushe ne, ya san dalilinta, kuma laifinsa ne da bai tsaya a kan abin tun farko ba. Amma malamin da za a gayyato daga wata jami'a don ya jarraba ta ba zai karɓi "Baba" a matsayin hujja ba. Maganar da ba ta da mai ita jita-jita ce. Ko ta sa cikakken suna, ko ta cire duk abin da ta samo daga gare shi. Ranar Litinin za a rufe karɓa. Ranar Alhamis muke.

In aka cire maganar tsohon, babi na huɗu ya zama fanko.

"Malama, ai abin mai sauƙi ne," na ce. "Rubuta mani sunan a takarda, yanzun nan in sa."

Ta karɓi biro. Ta ɗora a takarda. Na ga hannun ya tsaya. Ta aje.

"Yaya Binta, ba ni iyawa. Yana raye ban kama sunanshi ba, sai yanzu da ƙasa ta rufe mashi ido?"

"To maigidanki shi rubuta."

"Ko wa ya rubuta, littafin nan wa ke magana cikinshi? Ba ni ba ce? Sunana ne a bango. Duk kalmar da ke ciki bakina ce. Ke kika koya mani haka."

"To ni in sa da kaina. Sai in tambayi Malam maigidana, ya san shi."

Ta dube ni ta ce, "Ke da ba ki ƙarawa ba ki ragewa?"

 Ku da kuke dariya yanzu kuna cewa suna ne kawai, ban ga laifinku ba, zamaninku daban. Amma matar nan ba wauta ke damunta ba. Ta fi ku karatu. Abu ɗaya ne ya rage mata da take yi wa tsohon nan, shi ne wannan kunyar, kuma an ce ta zaɓa tsakaninta da wahalar shekara huɗu. Ta tashi ta ce za ta je ta yi istihara, in cirewar ce a cire.

Da ta fita na yi azahar, na dawo na zauna gaban inji. Sai dokar Mama Saratu ta farko ta faɗo mini: daga farko har ƙarshe. Na karanta kundin nan daga farko har ƙarshe ba sau ɗaya ba, amma maganar tsohon daga zakara na fara. Na ɗauko ɗan katin daga gwangwanin da nake ajiyarsu, na sa, na mayar da shi can farko.

Gaisuwa ce, kamar yadda ta ce. Ina kwana, ina gajiya, ya yara. Ƙarar tabarma. Muryarta ƙasa-ƙasa tana cewa, "Baba, wannan ita za ta ɗauki maganar." Ya ce, "Wagga 'yar aba?" Ya yi dariya har da tari. Sai ya gyara murya ya ce:

"To, ɗiyata, na san ba ki tambayata, kuma na san ba ki faɗi. Bari in gaya ma na'urar taki da bakina, don waɗanda za su ji bayan ba mu. Ni na Isiyaku ɗan Tanko, jikan Barmo mai jakai. Nan Mazanya anka haife ni. Na yi Maraɗi da ƙafa ya fi a ƙirga. Abin da zan faɗi, wanda na gani da idona zan ce na gani, wanda na ji zan ce na ji. Ki rubuta hakanan."

Sai zakara ya yi cara.

Na mayar na sake ji sau uku. Na buga shi kalma-kalma yadda ya faɗa, ban taɓa ko "anka" ɗinsa ba. Na fitar da shafin, na yi ɗigo da fensir a gefe, ɗigon da ya kamata in yi tun shekara biyu baya. Na aika a kira ta.

Ta zo bayan la'asar. Ban ba ta takardar ba tukuna, na ce, "Malama, in kin kawo maganar wani a kundi, kin sa ta tsakiyar shafi an matse ta, bakin wa ke nan?"

"Bakin mai maganar."

"Ba naki ba?"

"Ba nawa ba. Ni ɗauko ta kawai na yi."

"To ga wannan. Ba ni na ƙara ba, ba ke kika faɗa ba. Shi ya faɗi abinshi, kuma ya ce ki rubuta hakanan. Mu ne muka rage mashi magana."

Ta karɓa. Tana ganin layin farko ta kife takardar a cinya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Na tashi na je na duba tukunya, na daɗe ina dubawa. Da na dawo ta ɗauki biro ta yi rubutu a bayan takardar, ta miƙo mini. Jimla biyu ce: "Wanda ya gabatar da kansa a sama shi ne madogarar wannan babi. Surukina ne, don haka bisa al'ada zan riƙa kiransa Baba a duk cikin wannan aiki."

Haka muka yi. Maganarsa ta buɗe babi na huɗu, jimlolinta biyu suka biyo. A jerin waɗanda aka yi hira da su, na ɗauko sunan daga maganarsa na cike gurbin, ta ce in ƙara "kamar yadda ya faɗa da bakinsa", ta rubuta mini wannan ma da hannunta. Shigar shafin nan ta tura duk lambobin shafukan da ke bayansa, sai da na sake bin abubuwan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, na sake fitar da rabin kundin. Ranar Juma'a da Asabar hadari ya rufe rana, sola ta ƙi ja, muka aro janareta a maƙwabta. Ranar Litinin da sassafe mijinta ya sa kwafi huɗu a leda cikin riga ya kama hanyar Katsina.

Ban je wurin kare kundin ba, ba a zuwa da mai bugu. Ita ta ba ni labari. Ta ce baƙon malamin wani dattijo ne mai farin gemu, ya yi ta juya shafuka, ya yi mata tambayoyi a kan zango da kuɗin fito, ta amsa. Can sai ya dube ta ta saman tabarau.

"Malama, wane ne wannan Baban da ya cika mana babi?"

"Allah ya gafarta Malam, ya gabatar da kansa a shafi na saba'in da uku."

"Na gani. So nake in ji daga bakinki."

Ta ce Dakta ya sunkuyar da kai yana wasa da biro. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, a yi mani kowace tambaya cikin abin da ya faɗa, zan amsa har gobe. Wannan ɗaya dai ya riga ya amsa da kansa."

Dattijon ya yi murmushi. Ya buɗe shafin ya karanta sunan da ƙarfi, har da kakan, ita tana kallon ƙasa. Ya ce, "Allah ya jiƙan madugu. Ya fi ɗalibaina da yawa sanin ƙa'idar bincike." Aka ce ta ci, da 'yan gyare-gyare.

Bayan an ɗinke kundin da baƙin bango da rubutun ruwan zinare, ta kawo mini kwafi ɗaya in ajiye. Ta zo da autarta Hafsa, 'yar shekara bakwai, wadda ta fara haɗa baƙi, ba ta barin ko kwalin ashana sai ta karanta. Muna hira ta jawo kundin ta buɗe a tsakiya, ta ɗora yatsa tana bi a hankali da ƙarfi.

"Ni... na... I-si-ya..."

Uwar ta miƙe zumbur ta ce bari ta gaida Malam a zaure, ta fice har tana barin takalmi ɗaya. Yarinyar ba ta kula ba, ta ƙarasa layin, ta kai Mazanya, ta kai Maraɗi da ƙafa. Sai ta tsaya. Ta san mai tafiya Maraɗi da ƙafa, ta sha jin labarin a kan cinyarsa. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi injin, ta sake dubana.

"Anti Binta, ashe Baba Tsoho ma yana da suna? Ke kika raɗa mashi?"